SimCity: birni naka, makulli na wani

A watan Maris na 2013 kamfanin Electronic Arts ya fitar da sabon SimCity, wasan kwamfuta da ake gina birni tun daga fili: a shimfiɗa tituna, a ja ruwa da lantarki, a yanka haraji. Sai aka gindaya sharaɗi: ko kai kaɗai za ka yi wasan, dole sai da intanet, domin a kwamfutocin kamfanin ake adana birninka.

Tun ranar farko kwamfutocin suka gaza ɗaukar cunkoso. Jama'a suka yi ta jira, wasu suka rasa aikin sa'o'i, har Amazon ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci. Kamfanin ya ce babban ɓangare na lissafin wasan a wajensa ake yi. Ba a jima ba wani mai wasa ya yi wa manhajar kwaskwarima, ta yi aiki babu intanet.

A ganina nan fushin ya samo tushe. Cunkoso yakan wuce. Abin da ya ci wa mutane rai shi ne sun biya kusan dala 60, amma buɗe ƙofa sai da yardar mai sayarwa. Haya ce aka laƙaba wa sunan ciniki, kuma wanda sabis ke yawan ɗauke masa ya fi kowa cutuwa.

Sai a Maris na 2014 aka janye sharaɗin. Shekara guda bayan nan aka rufe ofishin Maxis na Emeryville, inda aka ƙera wasan, a watan da kishiyarsa Cities: Skylines ta fito, wadda ba ta buƙatar intanet.