Filin Uwargida: Kek na Tuffa, ko na Mangwaro

Mun san tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, ƙwai da bota da sukari sun yi tsada ƙwarai. Amma yara ba su san wannan ba. Ranar haihuwarsu ko lokacin Ista sai su zuba miki ido. Waɗansu iyaye har bashi sukan ci domin su sayi kek na kanti. Wannan bai kamata ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

A watan nan mun kawo miki wani kek wanda matan Amurka suka riƙe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1942 gwamnatinsu ta fara ƙayyade sukarin da kowane gida zai saya, a 1943 kuma bota ta bi baya. Sai matan suka riƙa dafa tuffa har ta narke, su zuba cikin kwaɓin kek. Tuffar tana kawo zaƙi da laushi, saboda haka mai kaɗan da ƙwai ɗaya sun isa.

A nan Sabon Tasha tuffa ba ta da araha, gama yawancinta daga ƙasashen waje take zuwa, musamman Afirka ta Kudu. Amma daga Maris zuwa Mayu mangwaro yakan cika kasuwa har ya riƙa ruɓewa. Mun gwada shi a madadin tuffa, ya yi daidai. Ayaba wadda ta nuna luguf ita ma tana yi, ba sai an dafa ta ba.

Ga abin da za ki tanada. Ma'auninmu ƙaramin gwangwanin madara ne.

Fulawa, gwangwani 3
Sukari, gwangwani 1
Man gyaɗa, rabin gwangwani
Tuffa 4, ko mangwaro nunannu 5
Ƙwai 1
Bekin foda, cokalin shayi 3
Garin citta, cokalin shayi 1
Gishiri, rabin cokalin shayi

Citta kuwa tamu ce. A ƙasar Kachia da Kwoi ake noma ta, ta hanyar Kachia kuma take shigowa garinmu. In kina da gyaɗar ƙamshi, ki kankare kaɗan ki ƙara.

Da fari ki fere tuffar, ki cire 'ya'yan, ki yayyanka. Ki sa a tukunya da ruwa kaɗan, ki dafa minti 20, sa'an nan ki farfasa da ludayi har ta zama kamar kunu mai kauri. In mangwaro ne, ki matse shi, ki tace da rariya domin zaren ya fita, ki dafa minti 10 ruwan ya ragu. Ki bari ya huce, ki auni gwangwani 2.

Ki kaɗa ƙwai da sukari da mai a kwano, ki zuba dafaffen 'ya'yan itacen. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda da citta da gishiri, ki zuba a kai. Ki juya a hankali, da zarar farin garin ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi yakan sa kek ya yi tauri kamar burodi. Ki shafa mai a kwanon gashi, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin, amma kada ya wuce rabin kwanon da yawa, domin zai tashi.

Mai tanda ta lantarki ko ta gas sai ta gasa a zafi 180, kamar minti 45. Wadda ba ta da ita kada ta damu. Ki sami babbar tukunya, ki zuba busasshen yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, ki rufe, ki ɗora a kan gawayi minti 15. Ki jera duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora kwanon a bisansu, ki rufe, ki sa 'yan garwashi a kan murfin.

A nan ne mu muka yi kuskure ranar farko. Baƙi suna hanya, muka fifita wuta domin sauri, muna ta buɗe murfi muna leƙawa. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuwa ɗanye. Fulawa da sukari na mako guda suka tafi ga kaji. Ke dai ki bar wuta ta yi sanyi sanyi, kada ki buɗe sai bayan minti 30. Sa'an nan ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, kek ya gasu. Ki bar shi ya sha iska minti 10 kafin ki juye.

Abu ɗaya ya rage. Wannan kek yana da damshi, a lokacin bazara kuwa yakan yi fumfuna da wuri. In babu firiji, a cinye shi cikin kwana biyu. Ki yanka wa maƙwabciya nata, ki kuma kira 'ya'yanki, mata da maza, su tsaya kusa su ga yadda ake yi.

In kin gwada, ki rubuto mana yadda ya kasance. Sai wata mai zuwa.