Wa Ya Cancanci Ya Tsaya Wa Ɗan Kasuwa A Gaban Duwan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ofishin duwan na Birnin Ƙwanni ya san su. Da mota ta tsaya, kafin direba ya sauko, sun kewaye mai kaya, kowa na cewa shi ne zai fitar masa da takardu. A cikinsu akwai wakilan duwan na gaskiya, waɗanda ƴan kasuwa ke kira taranzitar, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai jaka a hammata da daɗin baki. Bambanta waɗannan biyu shi ne abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, falke ba ya sauka a gari sai a gidan fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an yi rikici. An amince da fatoma ne domin an san gidansa, an san dukiyarsa, ba ya iya gudu. Abin da doka ke nema a yau ke nan, sai dai ta sa shi a rubuce.

A shekarar 2008 majalisar ministocin UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta kafa ƙa'ida mai lamba 10/2008 a kan sharuɗɗan ba da izinin wannan aiki. A 2018 kuma ƙasarmu ta yi sabuwar dokar duwan. Ma'anarsu a taƙaice ita ce: ba mai ikon cika wa wani takardun duwan a matsayin sana'a sai wanda hukuma ta ba izini, sai ya ajiye kuɗin lamuni, sai ya riƙe littafin da yake rubuta kowane aiki a ciki, in kuma an sami ƙarya a bayanin kaya, doka za ta kama shi.

Me ya sa maganar ta shafi yankinmu ƙwarai? Domin rayuwarmu a rataye take da iyaka. Albasar Galmi da ta Tsarnawa, dabbobin kasuwar Badagishiri, motocin da ke zirga-zirga a masana'antar siminti ta Malbaza, da kayan masarufi masu shigowa daga Illela ta Najeriya, duk a kan hanya ɗaya suke haɗuwa. Mun ɗanɗana zafin rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, muka sake ɗanɗanawa daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Maris 2024. Bayan haka Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, sannan a Maris 2025 ƙasashen AES suka amince da harajin 0,5 bisa ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Ƙa'idoji na canzawa, bayanin kaya kuma ta na'urar SYDONIA ake shigar da shi. Wanda bai karanci aikin ba, yaya zai kāre dukiyar wani?

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Ɗan kasuwa ya danƙa kuɗinsa ga marar izini saboda yana neman sauƙi. Shi kuma ya je ya ari sunan mai izini, ya rage ƙimar kaya ko ya canza musu suna, ya soke sauran a aljihu. In an gane a kan hanya, a tsare mota, tara ta hau kan mai kaya, wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya yi layar zana. In ba a gane ba, baitulmali ya yi asara, wato kuɗin makaranta da na asibiti da na rijiya. Sai dai fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai izinin da ke hayar da sunansa, da ma'aikacin da ke kawar da kai, da ɗan kasuwar da ya san gaskiya ya ƙi ta, duk suna da hannu.

Ba muna cewa a kori matasan da ke neman abinci a bakin duwan ba ne. Da yawansu sun san aiki, kuma suna da iyali. Shawararmu ga mahukunta guda huɗu ce. A liƙa sunayen masu izini a ƙofar ofishin duwan, da Faransanci da Hausa. A bayyana ladan aikinsu dabam da kuɗin gwamnati. A sa kowane mai izini ya ɗauki yaransa a rubuce, ya koya musu aiki, ya ba su katin shaida, laifinsu ya zama nasa. A kuma ƙwace izinin duk wanda aka kama yana hayar da shi.

Ku kuma ƴan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Kada ku ba da ko dala ba tare da takardar shaidar biya ba. Ku duba sunanku, ku duba adadin kaya, ku duba kuɗin da aka rubuta. Ku karanta wa maƙwabcin da bai iya ba. Allah ya kāre dukiyar talaka da ta ƙasa, amin.