Gayyar rubutu: Wata guda ya isa mu fara ba da labarin Sabha da bakinmu

Duk wanda ya zauna a Sabha ya san abin da ake yi bayan sallar isha'i idan sanyi ya shigo. A hura gawayi, a ɗora shayi, sai hira ta ɓalle. Wannan ya ba da labarin daren da motarsu ta lalace tsakanin Dirku da Madama, wancan ya ba da na watannin da ya yi yana aikin gini ba a biya shi ba. Da an watse, labarin ya bi iska. Gobe mai labarin ya wuce Tarabulus ko ya koma Agadas, shi ke nan.

Wannan asarar ce ta sa nake ganin ya kamata mu ari wata dabara daga Amurka. A 1999 wani mutum mai suna Chris Baty da abokansa, su 21 a yankin San Francisco, suka ɗaura wa kansu rubuta littafin ƙagaggen labari cikin wata guda. Abin ya zama NaNoWriMo: kalma 50,000 a kwana 30 na watan Nuwamba, wato kusan 1,667 kullum. Babu kyautar kuɗi, sai dai ka gama ko ka kasa a gaban 'yan'uwanka. Ƙungiyar ta rufe a 2025 bayan matsalar kuɗi da rigingimun cikin gida, amma dabarar ba ta buƙatar ofis. Mu da muka san gayya a gona, ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Nuwamban bara mu biyar muka gwada: ni, teloli biyu, wani mai gyaran waya, da wata malamar Islamiyya. A waya kowa yake rubutu, tsakanin ɗauke wuta da kawo ta. Kowane dare sai ka tura adadin da ka rubuta a zaurenmu na WhatsApp, ranar Juma'a bayan la'asar kuma kowa ya karanta shafi ɗaya, ita malamar ta aiko nata da murya. A kwana na 11 na tsaya cak. Ga gyaran jarrabawar yara, ga gajiya, ga kuma wata murya da ke ce min wannan shirme ne. Kwana uku ban tura komai ba, sai ɗaya daga cikin telolin ya kira ni: "Malam, yarinyar nan da ka bari a Gatrun fa? Haka za ta kwana a tasha?" Wallahi kunyarsa ce ta mayar da ni kan rubutun. Da ni kaɗai ne, da tuni na goge.

Na san abin da za a ce. Littafin wata guda ɗanye ne. Gaskiya ne, nawa ma ɗanyen ne, kuma ban kai 50,000 ɗin ba, mutum biyu ne suka kai. To amma ɗanye ake dafawa, wanda ba a rubuta ba kuwa da me za a gyara shi? Wasu za su ce wanda ya wuni yana ɗaukar bulo ba shi da ƙarfin kalma 1,667. Na yarda, a rage masa zuwa 500. Adadin na Turawa ne, abin da muke bukata shi ne wa'adi da mutanen da za su tambaye ka idan ka yi shiru.

Akwai kuma dattijan da ke ganin ƙagaggen labari ƙarya ce da ɓata lokaci. Da girmamawa nake tuna musu cewa gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam da Tafawa Ɓalewa malaman makaranta ne a lokacin, an ba su dalili da wa'adi, suka zauna suka rubuta. Kuma Shaihu Umar labarin wannan hanyar ce da muka biyo, ta Sahara, a zamanin cinikin bayi. Shekara 90 da ɗoriya ana karanta shi a aji. To wa zai rubuta na zamaninmu?

Wasu dai suna rubutawa. A Afrilun 2017 hukumar IOM ta fitar da rahoto kan sayar da baƙi a Sabha, duniya ta ɗauka. Abin ya faru, ba na musu. Sai dai a irin waɗannan rahotanni mu adadi ne kawai. Ba za ka ga telan da ke tura wa uwarsa kuɗi Zinder duk wata ba, ko yaron da aka haifa a nan, Larabcinsa ya fi Hausarsa, yana tambayar ubansa ina ne gida.

A nan ne ƙagaggen labari ya fi mana rahoto amfani. Akwai abubuwan da ba a faɗa a garin nan da sunan mai su, kowa ya san dalili. A littafi sai ka sauya suna, ka sauya unguwa, ka haɗa mutum uku su zama ɗaya, gaskiyar ta fita ba tare da an jefa kowa a hatsari ba. Dokarmu ta farko kenan: ba sunan gaske, kuma abin da aka karanta a zaure ba ya fita sai da yardar mai shi.

Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suka riƙa tallafa wa juna wajen fitar da littattafansu ba su jira kamfani ba. Bana mu ma za mu sake, daga 1 ga Nuwamba. Mai gyaran wayar ya yi alkawarin caji kyauta ga duk wanda ya tura adadinsa na ranar.