Babban Mazauni ko Reshe: Mu Buga Lissafi Kafin Mu Biya

Kowace shekara, da zarar JAMB ta saki sakamako, maganganu uku ne ke yawo a Roni da Gwiwa da Kazaure. Wani ya ce sai babbar jami'a, ko nawa za ta ci. Wani ya ce ga reshe kusa da gida, ya fi araha, kuma takardar duk ɗaya ce. Na uku ya ce kada a damu da kuɗi, ai gwamnati tana ba da bashi. Duk ukun alkawura ne. Mu da za mu sayar da gero da gyaɗa mu biya, haƙƙinmu ne mu auna kowanne da alƙalami kafin mu buɗe rumbu.

Mu fara da ƙofar shiga. A jarrabawar JAMB ta 2025, kimanin mutum miliyan 1.95 ne suka zauna. Cikakken maki 400 ne. A sakamakon farko da aka saki, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, wato wajen 78 cikin kowane 100 ba su ci rabi ba. Waɗanda suka kai 300 ba su cika 13,000 ba, ƙasa da mutum ɗaya cikin 100. A wannan shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Amma 150 izinin shiga layi ne kawai. Kowace jami'a tana da nata maki, kowane kwas yana da nasa. Yaron da ya ci 170 ya cike likitanci a Jami'ar Bayero ya yi asarar zaɓinsa tun kafin a fara tantancewa.

Ana yawan cewa ɗan Jigawa yana da gata wajen samun gurbi. Mu duba girman gatan. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Jigawa tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, amma jihohin rukunin sun haura 20. Gurbi 20 tsakanin jihohi sama da 20 bai kai gurbi ɗaya ga kowace jiha ba. A Jami'ar Bayero kuma, Jigawa tana raba kason yanki da sauran jihohin Arewa maso Yamma, su bakwai ke nan. Ko da an raba daidai wa daida, 35 tsakanin bakwai biyar ne. To a kwas mai gurbi 100, gatan bai wuce kujera biyar zuwa shida ba, kuma ƙananan hukumomi 27 ne ke neman su. Gatan yana nan, amma bai kai a jingina makomar yaro a kansa ba.

Kafin a ba shi gurbi ma an fara kashe kuɗi. Fom ɗin JAMB na 2025 naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Tantancewar jami'a naira 2,000. Canjin makaranta ko kwas naira 2,500. An tashi 11,700, ban da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa da kuɗin shagon kwamfuta. Duk shekarar da aka yi zaɓin da bai dace da maki ba, a sake biya, a sake jiran shekara.

Yanzu babban mazauni. Mu ɗauki ɗalibi daga Roni da ya samu gurbi a Kano, kusan kilomita 80 daga Kazaure. Alƙaluman da ke tafe ƙaddarawa ce, kowa ya cire nawa ya sa farashin da ya tarar a tasha da kasuwa. Mu ce shekarar karatu wata takwas ce. Abinci naira 1,500 a rana, 45,000 a wata, 360,000 a shekara. Kason hayar ɗaki, idan bai samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, 100,000. Adaidaita sahu naira 600 a rana, kwana 20 a wata, 96,000. Zuwa gida da dawowa sau shida a kan 8,000, ya kama 48,000. Takardun darasi da data da buga aiki 8,000 a wata, 64,000. Kuɗin rajista mu sa 120,000. Jimla naira 788,000 a shekara, 3,152,000 a shekara huɗu.

Abu biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na farko, kuɗin rajista, wanda shi kaɗai iyaye ke tambaya, wajen kashi 15 cikin 100 ne kawai na nauyin. Ciki da ɗaki da mota su ne ke cinye kuɗin. Na biyu, mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Ɗalibi ɗaya a Kano zai cinye albashin wata 11 da ɗoriya na irin wannan ma'aikaci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu layin da ke cikin lissafin nan da bai tashi ba.

Akwai kuma abin da takardar gurbi ba ta bayyanawa ƙarara. Babbar jami'a ba wuri ɗaya take ba. Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni da sabon mazauni a kan hanyar Gwarzo, ɗaliban likitanci kuma suna ƙarasa karatunsu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke hanyar Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Samaru, tana da Kongo inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki, asibitin koyarwarta kuma yana Shika. A nan ba ɗalibi ne ke zaɓen mazauni ba, kwas ɗinsa ne ke zaɓa masa. Wanda ya kama haya kusa da mazaunin da ba nasa ba zai biya kuskuren da kuɗin mota kullum har hayar ta ƙare.

A ƙara yajin aiki. A 2022 ƙungiyar ASUU ta ajiye aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mai gida bai dakatar da haya ba ko na kwana ɗaya. Kwas na shekara huɗu yana iya komawa biyar, don haka mai hankali ya ware kuɗin haya na ƙarin shekara tun farko.

Sai maganar kusa da gida. A yankinmu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da makarantar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha a garin. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, wadda aka kafa a 2021. Jami'ar Tarayya ta Dutse, ta 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ta 2013, na jiharmu ne, amma ɗan Roni sai ya ratsa ta jihar Kano kafin ya isa Dutse. Sunan jiha ba ya rage kuɗin mota. Babura ma ba garin da ɗan Roni zai je ya dawo kullum ba ne. Zai kama ɗaki, zai ciyar da kansa, kuma kwas ɗin injiniya shekara biyar ne. Nasa lissafin a ninka shi sau biyar.

Kazaure ce kaɗai ake iya zuwa daga gida. Mu ƙaddara naira 1,500 zuwa da dawowa. Kwana 160 a shekara ya kama 240,000. Wannan ya fi hayar Kano da adaidaita sahunta a haɗe, waɗanda suka tashi 196,000. Ribar tana wajen abinci, domin tukunyar gida ce ke ciyar da shi. Mu sa 500 a rana na abincin rana, 80,000. Takardu 64,000, rajista mu bar ta a 120,000 don a yi adalci. Jimla 504,000 a shekara. Bambancinsa da Kano 284,000, wato 1,136,000 a shekara huɗu. Wannan kuɗi ne na gaske. Sai dai takardar ba digiri ba ce. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. Wanda kuma ya ɗauki ƙaramar difloma ya shiga jami'a daga aji biyu zai yi biyu da uku. Ko ta wace hanya shekara biyar ce. An rage kuɗi, an ƙara shekara. Kowane gida ya san wanne ya fi iya ɗauka.

Yanzu kalmar da ta fi jawo asara, wato reshe. Abu uku ake kira da wannan suna, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko mazauni ne na jami'ar kanta, kamar Kongo. Malamai nata ne, ɗakin karatu nata ne, takarda tata ce. Na biyu kwaleji ce da ke koyar da digiri da sunan wata jami'a, kamar yadda Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Kano ta riƙa yi a baya da Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan halattacce ne idan hukumar NUC ta amince da haɗin kuma JAMB ce ta ba da gurbin, amma kwasa-kwasansa ƙididdigaggu ne, galibi na koyarwa. Na uku shi ne allon da aka kafa a bakin titi da tambarin wata jami'a mai nisa. Aji biyu ne na makarantar firamare da ake haya ranar Asabar da Lahadi. Ana biyan kuɗi a asusun wani mutum, a ba ka rasit rubutun hannu, a ce maki ba matsala ba ne.

Irin wannan na uku gwamnati ta daɗe da sanin sa. A 2001 aka rufe rassa da cibiyoyin karatu da jami'o'i suka barbaza nesa da mazauninsu, aka gindaya cewa reshe kada ya wuce kilomita 200 daga babban mazauni, kada kuma ya tsallaka wata jiha. Tun 2017 JAMB ke ba da gurbi ta manhajar CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba ya zuwa bautar ƙasa. Wanda ya yi karatun ƙarshen mako, ko da a halattacciyar jami'a ne, shi ma ba ya zuwa. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, a Agusta kuma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Lissafin nan ba shi da wuya. Idan reshen bogi ya karɓi 150,000 a shekara, an zubar da 600,000 da shekara huɗu na rayuwar yaro, abin da aka samu kuma sifili ne. Araha ba ta ado.

Sabuwar jami'a ma a yi mata tambaya, ko da ta gwamnati ce. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai. Ministan ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ba su samu masu nema 100 ta JAMB ba, 34 kuma ko mutum ɗaya bai neme su ba. Ga mai neman gurbi wannan yana da fuska biyu. Inda masu nema suka yi kaɗan, shiga ta fi sauƙi, kuma yaro mai maki 170 yana da dama ta gaske. Amma NUC kwas-kwas take tantancewa. Injiniya sai da amincewar COREN, likitanci sai da ta MDCN, kwalejin kimiyya da fasaha kuma NBTE ce ke duba ta. Jami'a na iya zama halattacciya alhali kwas ɗin da aka ba ɗanka bai samu cikakkiyar amincewa ba. A tambayi matsayin kwas ɗin da sunansa.

Saura bashin gwamnati. Asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar gwamnati, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa. Taimako ne, kuma duk wanda ya cancanta ya nema. Amma mu buga. Ko da an biya wata 12, 240,000 ke nan, da rajista 120,000 ya zama 360,000. A lissafin Kano saura 428,000 a wuyan uba kowace shekara. Naira 20,000 kuma abincin kwana 13 ne a kan 1,500 a rana. A shekara huɗu bashin ya taru 1,440,000. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mai albashin 150,000 zai biya 15,000 a wata, wata 96, shekara takwas. Mai albashin 70,000 zai haura shekara 17 yana biya. Cibiyar bakin titi kuwa ba ta cikin tsarin ko kaɗan.

Hukuncin da lissafin ya bayar ke nan. Babban mazauni ya cancanci kuɗinsa idan kwas ɗin yana buƙatar ɗakin gwaji ko asibiti ko injina, idan makin yaro ya kai, kuma idan gida zai iya ɗaukar nauyin har shekarar ƙarshe. Wanda ya fita a aji uku saboda rashin kuɗi ya kashe sama da miliyan biyu ba tare da takarda ba. Halattaccen reshe ko makarantar kusa da gida ta fi dacewa idan kwas ɗin ya samu amincewa kuma ragin kuɗin ya tabbata a rubuce. Reshen da ba ya cikin CAPS bai cancanci ko naira ɗaya ba.

Don haka, iyaye da yayye a Roni da kewaye, kafin a kai rago kasuwa a nemi amsar tambaya biyar. Gurbin ya fito a CAPS da sunan makarantar da sunan kwas ɗin? A wane gari, a wane mazauni za a riƙa ɗaukar darasi? Hukumar da ke kula da kwas ɗin ta amince da shi? Karatun na cikakken lokaci ne da zai kai yaro bautar ƙasa? Nawa ne jimlar shekara, sau nawa za a ninka ta, kuma wa zai biya shekara ta uku da ta huɗu? Idan aka rasa amsar ko da ɗaya, a riƙe kuɗin har sai an samu.