Ƙuri'a Ba Tsarabar Nasara Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fadojin samari, daga Maraɗi har Madarumfa: wai zaɓe kayan Nasara ne, su suka kawo mana shi, in sun tafi sai su tafi da abinsu. Mun fahimci inda haushin ya fito. Duk wanda ya ga yadda ake raba atamfa da sabulu da jikka biyu a daren zaɓe, yana da dalilin yin tsaki. Amma maganar ba gaskiya ba ce. Nasara bai kawo mana ƙuri'a ba, hana mu ita ya yi, har sai da aka ƙwace ta kaɗan-kaɗan.

Kafin 1946, kakanninmu ba 'yan ƙasa ba ne a idon dokar Faransa. Talakawan mulkin mallaka ne kawai: su biya lanho, su yi aikin tilas, kumandan ya ɗaure mutum kwanaki ba tare da alƙali ba. A duk Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, garuruwa huɗu ne na Senegal suke da 'yancin aika wakili majalisar Paris. A 1946 wakilan Afirka suka matsa har aka soke aikin tilas a watan Afrilu, sannan dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ce kowa ya zama ɗan ƙasa.

To, a takarda ke nan. Da aka zo kan akwati sai aka sa rariya. Sarakuna, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa masu takardar izini, irinsu ne suka samu kati. Manomin Gabi da ke noma gyaɗar da ake kwasa zuwa turai bai samu ba. A 1951 aka ɗan buɗe ƙofa, aka ƙara da magidanta masu biyan lanho da kuma mata masu 'ya'ya biyu. Ku dubi wannan sharaɗi da kyau, jama'a. Mace ba ta isa ta zaɓi wakilinta ba sai ta haifa wa mulkin mallaka masu biyan haraji guda biyu! Sai ranar 23 ga Yuni 1956 doka ta bai wa kowane namiji da mace mai shekara 21 ƙuri'a ɗaya, kuma ba don tausayi ba. Faransa ta sha kashi a Indocina, yaƙin Aljeriya na ci, jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago a nan gida sun hana ta barci.

Da talaka ya samu katin, ya yi aiki da shi. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyar Djibo Bakary, wadda aka sani da Sawaba, ta yi rinjaye, da ƙarfin direbobi, 'yan kamasho, ƙananan 'yan kasuwa da manoma. Da Sawaba ta ce a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, sai Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ya sa ƙarfin mulki aka karya ta. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Wato wanda ake cewa shi ya kawo zaɓe, shi ne ya fara murɗe shi a ƙasar nan.

Daga nan sai jam'iyya ɗaya har 1974, sai soja. Zaɓe mai 'yan takara da yawa bai dawo ba sai 1993, bayan jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, bayan babban taron ƙasa na 1991. Ko a shirin taron nan an so a manta da mata, sai da suka cika titunan Yamai ranar 13 ga Mayu 1991. Ranar da muke ɗinka anko dominta duk shekara, asalinta zanga-zanga ce. A ƙetaren iyaka kuwa, tafiya kaɗan daga Ɗan Issa, matan Arewacin Najeriya ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kanta.

Yau fa? Tun Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka fara zaɓa a 2004, aka naɗa kantomomi. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, aka tsayar da wa'adin shekara biyar wanda ake iya sauyawa. Mun san halin tsaro. Mutanen Gabi da Ɗan Issa da 'yan bindiga ke sace wa shanu da 'yan uwa ba sa buƙatar a yi musu bayani. Ba kuma muna kewar tsofaffin 'yan siyasa ba ne. Amma kansila, komin lalacewarsa, ka san gidansa, yana kuma sane cewa zai dawo ya roƙe ka. Kantoma wanda ya naɗa shi yake kallo.

Abin da muke nema bai da yawa: hukumomi su faɗi ranar da mutanen Madarumfa, Safo, Jiratawa, Sarkin Yamma, Gabi da Ɗan Issa za su sake zaɓen kansilolinsu. Kafin ranar, duk wanda ƙanensa ko ƙanwarsa ba ta da takardar haihuwa, ya kai ta ma'aikatar magajin gari a fara neman ta, domin da takarda ake shiga kundin masu zaɓe.