"Sans frais": kalmomi biyu masu cin mutum

Ƴan uwa, da yawa cikin masu sa hannu a bayan takardar alkawalin biyan bashi, wadda ƴan banki ke kira "billet à ordre", sun ɗauka miƙa ta kawai suka yi ga na gaba. Ina! Lamuni suka tsaya. Ranar da wa'adi ya cika, in mai bashin ya noƙe, mai riƙe da takarda yana da ikon ya zo wurinka kai da ka sa hannu, ya biɗi kuɗin duka, ko jikka ɗari biyar ne ko miliyan.

Dokar UEMOA mai lamba 15 ta 2002 ta bar maka garkuwa guda. Sai mai takarda ya kira ma'aikacin shari'a, wisiye ko notar, ya rubuta shaidar cewa an nemi biya an ƙi, cikin kwana biyu na aiki bayan ranar wa'adi. Daga nan ya sanar da kai cikin kwana huɗu na aiki. In ya yi sake bai sa an rubuta shaidar a kan lokaci ba, ka kuɓuta, shi da mai bashinsa.

To ga inda raina ke ɓaci. In mai bashin ya rubuta "sans frais" a jikin takardar ya sa hannu, ba a buƙatar shaidar sam. Garkuwar ta tafi. Ku ba ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram wanda ya yi ƴar lakkwal waɗannan kalmomi, zai ce maku ma'anarsu "ba a biyan komi". Fassararsa daidai ce, wallahi, kuma ita za ta kai shi ƙasa. Ni da nake karatun ilimin harshe ban san wata magana da ta fi wannan kama da kyauta ba alhali tarko ce.

Masu kare abin suna cewa ai sauƙi ne, ana rage kuɗin wisiye. Gaskiya ne. Amma sauƙin na wa? Na mai karɓa. Mai lamuni kuwa ya yafe hakkinsa cikin harshen da bai ji.

Tun Maris 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To a fara daga bayan wannan takarda: layi ɗaya da Hausa, boko ko ajami, mai cewa in wancan bai biya ba kai za ka biya. Kafin a kai can, in tsohonka zai sa hannu kuma bai yi niyyar tsayawa lamuni ba, ka ce ya rubuta "sans garantie" kusa da sunansa. Doka ta yarda. Mai karɓa yana iya ƙin takardar, amma sai ya ƙi a gabansa.