Zara-Zaran Gashin Ido: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Kwanan baya na je kamun 'yar yayata, amarya ta fito ana ta rangaɗa guɗa, amma ni da na goye ta sai da na sake dubawa kafin na gane ta. An liƙa mata gashin ido na kanti har yana taɓo gira, idon sai zubar da ruwa yake, kowa ya ɗauka kukan rabuwa da gida ne. Kwana uku bayan biki fatar idon ta kumbura, da aka ɓamɓare abin kuwa sai ya taho da nata na halitta.

Ban ɗora wa mai kwalliya laifin duka ba, domin mu marubuta da makaranta muna da namu kason. Ɗauko littafin soyayyar da ke kusa da ke, 'yar uwa, ki duba yadda aka siffanta tauraruwar: fara sol, hanci har baka, gashi har gadon baya, idanu dara-dara masu zara-zaran gashi. Yarinyar da ta tashi tana karanta wannan, ta dubi madubi ba ta ga ko ɗaya ba, ina za ta nufa in ba kanti ba?

Abin ma ba namu ba ne. A 1911 wata 'yar Kanada, Anna Taylor, ta yi rajistar gashin idon liƙawa a Amurka, a 1916 kuma aka manna wa 'yar wasa Seena Owen irinsa a fim ɗin Intolerance domin idonta ya fito a majigi. Wato adon kyamara ne, mu kuma muka mai da shi na zaman gida.

Gam ɗin da ake dasa shi ɗai-ɗai da shi dangin Super Glue ne, yana iya jawo ƙaiƙayi, kumburi da jan ido. Nauyinsa kuma yana jan na asalin har ya tsige. Akwai ma maganin bimatoprost, wanda asalinsa na hawan ruwan ido ne, da Amurka ta amince a 2008 a riƙa shafa shi don tsiro da gashin ido da sunan Latisse. Yana aiki, amma yana iya duhunta fatar ido, har ya sauya launin ƙwayar.

Wani bincike da aka yi a jami'ar Georgia Tech a 2015 kan dabbobi iri 22 ya gano cewa tsawon gashin ido yakan kai kusan ɗaya bisa uku na faɗin idon. A haka yake tare ƙura da iska. In ya zarce, sai ya koma janyo iskar cikin ido tana busar da shi. Ke da ke fama da hazon hunturu, ki auna wannan.

Kada a ce ina yaƙi da ado. Iyayenmu sun yi lalle, sun rambaɗa kwalli, kuma sun yi kyau. Shi kansa kwallin dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, don haka bai kamata a riƙa zizara wa jarirai ba. Magana ita ce, adon da zai ci lafiya ba ado ba ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Roƙona ga marubuta shi ne, a littafi na gaba a ba mu tauraruwa baƙa, mai gajeren gashin ido, wadda aka so don hankalinta. Ke kuma amaryar gobe, in mai kwalliya ta ɗauko gam, ki tuna ido biyu kacal gare ki, kuma ba a sayar da su a Kantin Kwari.

Allah Ya sa mu dace.